Me Kuka Yar a Can?

Mun bar Tawa ladan bai ko gyara murya ba,
mu uku, a bayan motar albasa mai komawa wayam.
Arzika da taswirarsa cikin salula,
Tankari da butar shayi rataye a jaka,
tana kaɗawa kamar ƙararrawar wuyan raƙumi,
ni kuma da takalman da na saya a Katako, jika shida,
waɗanda mai su ya rantse har da dafa ƙirji
wai sun taɓa taka ƙanƙara.

Hutun damina ne, lakwal a rufe.
Adar ta yi wanka ta ɗaura kore,
gero ya kai gwiwa,
duwatsu kuwa na can jajaye, kawunansu a baje,
sai ka ce wanzami ɗaya ya yi musu aski.

A gindin dutse, bayan Tamaske,
wata tsohuwa na tsinkar tafasa cikin zane.
Ta dubi jakunkunanmu, ta dubi ƙafafunmu.
"Ina zuwa?"
Muka nuna sama.
"Akuya ta ɓace muku?"
A'a, Inna.
"To me kuka yar a can?"
Arzika ya ce iska za mu sha.
Ta yi dariya har haƙorinta ɗaya tilo ya ga rana:
"Ta nan ƙasa ta ƙare ne?"

Hawa.
Dutse bai san wanda ya yi karatu a Yamai ba.
Tsakuwa na zame ƙafa,
ƙaya na riƙe wando sai an gaisa,
madaurin jaka ya zauna a kafaɗa kamar bashi.
Kafin hantsi takalmin dama ya buɗe baki,
na ɗaure masa shi da kaba.
Tankari ya bar waƙa.
Saura numfashi, da shirwa can sama tana lissafinmu.

Sai ga duwatsu jere a kwiɓin tudu,
layi bisa layi, kamar kitso,
ƙasa ta kwanta a bayansu,
bagaruwa ta tsiro, ta girma, har tana ba da inuwa.
Na tsaya.
Na san wannan kitso.
Uwata Kuluwa ta sha ba ni labarinsa tana tankaɗe:
shekarar da rumbu ya yi shiru,
ita da matan garinsu, gammo a ka,
dutse ɗaya, a dawo, dutse ɗaya,
tun sanyin safiya har inuwa ta juya,
ladan yini ɗan hatsi da mai a gwangwani,
ni kuma goye a bayanta, ina barci.

Ashe na taɓa hawa nan.
Ashe ni ne jakar.

Wani dutse ya gangaro daga layinsa.
Na sunkuya in mai da shi.
Taku huɗu, gwiwata ta yi rawa.
Huɗu kacal.
Na aje shi a gurbinsa, ban gaya wa kowa ba.

A ƙoli iska ta zo, gaskiyar Arzika,
ba irin ta ƙasa ba ce.
Tankari ya hura gawayi, muka yagi cuku.
Kwari duka a tafin hannu,
tabki na ƙyalli kamar kwanon da aka manta a gona,
hadari na haɗa kayansa ta gabas.
Na ɗaga salula in kira Kuluwa,
babu rezo.
Da ma ban san me zan ce mata ba.
Muka kwana a kogo mai warin awaki,
ruwa na dukan dutse har asuba.

Da muka sauko tsohuwar na nan, zanenta ya cika.
"Kun samo?"
Na buɗe baki, na rufe.
Ta dubi takalmina da kabarsa,
ta dube ni, ta daɗe,
sannan ta damƙo tafasa ta cusa min a jaka.
"Kai wa uwarka," in ji ta,
"kada ka koma hannu wofi."