Katanga Guda

Shekara tara ina toya fanke
a ƙofar koleji, nan cikin Tawa.
Na san ɗan da ya karya kafin ya fito,
na san wanda ya sha ruwa ya tsuke wando.
Alkasum kuwa ta wata hanya na san shi:
katanga guda ta raba ɗakina da nasu,
katangar laka, mai kunne, marar baki.

Ƙarfe goma, da an buga ƙarfen hutu,
sai yara su dare
kamar ƴan tsaki sun ga inuwar shaho.
Shi ne tafe, riga a buɗe.
Ya tare Nomau a gindin bedi,
ɗan tsakurin nan mai in'ina,
ya murɗe masa kunne har ya durƙusa,
ya ƙwace dala goma ta fankensa, ya ce,
"Ɗago ka dube ni, jakin banza.
Yi kuka in ƙara maka."

Cokali ya tsaya a hannuna, mai na ƙuna.
Maganar nan ba tasa ba ce,
aro ya yi, na san mai ita.
Jiya bayan lisha na ji ta da muryar Arzika,
wanda ya dawo daga Abija hannu rabbana,
jaka guda da tari da fushin da ba shi da mazauni.
Tsahara ta ce, "Bashin mai shago fa?"
Kwano ya fara tashi, sannan bel.
Yaron ya shiga tsakani.
Kullum shi ke shiga,
tun yana da giɓi a baki.
"Yi kuka in ƙara maka."
Bai yi ba, ya daɗe da dainawa.
Ni ce na ƙara muryar rediyo.

Surbeyan ya zo da guntun tiyo,
ya ce a tuɓe riga.
Da aka tuɓe sai ya ɗan yi turus:
baya kamar gonar da aka huɗe sau biyu,
tsohuwar kunya, sabuwar kunya a kanta.
Amma ya riga ya ɗaga hannu gaban jama'a,
sai ya sauke goma.
Alkasum na taya shi ƙirga, yana murmushi.
Wa zai tsorata rijiya da guga?

Bayan mako uwar Nomau ta tsaya wurina,
ta ce, "Ban san abin da ya shiga yaron nan ba.
Ya jefi akuya har tana ɗingishi,
ya matse ƙanwarsa bayan rumbu,
na ji yana cewa ta yi kuka ya ƙara mata.
Kuma, wallahi, ko in'ina bai yi ba."

Ruwan da ya sauka kan duwatsun Adar
ba can yake kwana ba.
Kwari yake bi, kwari ya miƙa wa kwari,
har ya ci ɗakin wanda ko hadari bai gani ba.

Yau na kira shi.
Ya zo hannu a dunƙule, yana harara.
Na ce ya riƙe mini faranti, wai hannuna na ciwo.
Na ga zare a kafaɗarsa, na miƙa hannu in cire,
sai ya kauce,
ya kare kansa da gwiwar hannu, ido a rufe.
Shi fa, wanda duk koleji ke ba hanya.

Ya buɗe ido. Ya san na gani.
Ban ce komai ba, shi ma haka.
Can ya ce, "Inna, fankenki ya cika mai."
Ya ci uku, ya tafi bai biya ba.

Daren nan na cire batir daga rediyo.
Ban san abin da zan faɗa wa Arzika ba,
ni tsohuwa, ba dangin iya, ba na baba.
Amma takalmina na bakin ƙofa,
ban cire mayafi ba,
ina zaune, ina sauraron kwano.