Ƙarfe Ɗaya Saura Kwata a Lisbon

Yayyafi ya wanke duwatsun titi,
taragon ƙarshe ya gangara bakin kogi yana kukan ƙarfe.
Matakala goma sha huɗu ake sauka
kafin a iske ɗakin da nake wanke kofuna.

Fitilun nan ba su cika haska komai ba,
ja-ja kawai, kamar garwashin da toka ta lulluɓe.
Anselmo ya taɓa piyano da yatsa uku
ya janye hannu, sai ka ce mai gwada ruwan wanka.
Mai ganga ba ya dukan fata,
share ta yake da 'yar tsintsiyar waya,
shuu, shuu,
kamar ana gyara tsakar gida don baƙo.

Sai Graciete ta taso.
Ta haura hamsin, dunduniyar takalminta na hagu ta cinye.
Da rana tikiti take sayarwa a tashar jirgin ruwa.
Ba ta ɗaga murya.
Tana sakin kalma kamar zuma daga bakin cokali,
ta makara da gangan, kiɗa ya yi gaba,
ta biyo shi a hankali,
ta san zai jira ta.

Na taɓa cewa wannan gyangyaɗi ne aka sa wa riga.
Lokacin kunnena ɗanye ne, hayaniya yake ci.

Yanzu ga Baltazar direban tasi,
wanda tun rasuwar matarsa bai kashe rediyon mota ba,
ya cire hula ya ɗora a gwiwa.
Ga ma'auratan tebur na shida
da suka shigo kowa na kallon bangonsa:
hannunta ya matso kusa da nasa.
Bai taɓa ba.
Saura faɗin tsinken ashana.

Ba ta tambayi kowa me ya same shi ba.
Ta dai rage wa dare gudu
har mai kaya ya samu inda zai sauke.

Na rufe famfo.
Kumfa na bushewa a hannuna,
kofuna talatin na jira, maigida zai yi faɗa.
Ya yi.

Da ta gama, tafi kaɗan ne, don kada a tashi wani abu.
Ta zo ta zauna, ta tuɓe takalmi ɗaya.
"Duarte, ruwan ɗumi da lemun tsami."
Muryar a dushe take yanzu, irin ta kowa.
Ƙarfe shida za ta buɗe tagar tikiti.