Kwana Tara a Shekara

Ni ke riƙe da littafin sunaye
a asibitin kan dutse, can yammacin Nepal,
inda hanyar mota ta gaji ta tsaya,
ta bar wa alfadarai sauran tafiya.

Likitar kunne da hanci da maƙogwaro
kwana tara take yi mana a shekara.
Sauran kwanakin daga ni sai auduga,
sai maganin ɗigawa,
sai "ku ƙara haƙuri, tana tafe."

Dakta Sarmila Budhathoki.
Ƙaramin jirgi ke sauke ta, in gajimare ya yarda,
ita da akwatunan ƙarfe biyu
da tarin da ba ta da lokacin jinyarsa.

Kafin gari ya waye farfajiya ta cika.
Ga tsohuwa da maƙoƙo kamar tulu a wuya.
Ga mai dakon gishiri, muryarsa ta dushe tun bara,
yana magana kamar ana jan buhu a ƙasa.
Ga yarinya, ƙwayar masara a hanci wata huɗu.
Sai yara, yara, yara,
kunnuwa na tsiyaya, ƙuda na rakiya.

Lamba sittin da uku shi ne Phurba,
shekara tara, bayan benci yake zama.
Malaminsa ya ce kunnen ƙashi gare shi,
ya sha bulala a kan kiran da bai ji ba.
Ta haska fitila, ta leƙa, ta yi tsaki:
dodon kunnen ya huje, dama da hagu.
Ta yanko 'yar fata daga bayan kunnen,
siririya kamar ɓawon albasa,
ta yi faci a wurin da allura ma sai ta yi sallama.
Janareto ya mutu sau biyu.
Na riƙe mata tocila har hannuna ya sage.

Da dare muna shan shayi mai gishiri da man shanu,
ta ƙirga mini da yatsu:
"Mu bakwai muka gama tare.
Huɗu sun haye teku.
Biyu na babban birni, ƙofarsu da mai gadi.
Ba na zaginsu.
Ɗaya ƙanne biyar yake ɗauke da su a makaranta.
Ya rubuto mini cewa a titin da yake
irinmu sun fi masu gyaran takalmi yawa,
har hancin da ba ya ciwo suna yi wa gyara."
Ta yi dariya, dariyar ta koma tari.

Rana ta tara na ja layi ƙarƙashin ɗari da arba'in.
Littafin kuwa ya kai ɗari uku da sha ɗaya.
Ni ne mai fita in faɗa.
Ba wanda ya yi faɗa da ni,
da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi.
Suka naɗe barguna, suka kama hanyar gangara.

A filin jirgi wani uba ya iso da gudu,
'yarsa goye, ƙafarsa duk laka.
Gada ce ta tsinke, ya yi zagayen kwana biyu.
Farfela na juyawa, ta durƙusa ta leƙa kunnen,
ta ɗaga murya: "Baɗi ita ce ta farko. Rubuta."
Na rubuta. Sunanta Chhiring.
Baɗi wata goma sha biyu ne, da dusar ƙanƙara a tsakani.

Bayan wata biyu Phurba ya dawo in duba shi.
Faci ya kama.
Muka fito bakin ƙofa, ya tsaya cak,
ya toshe kunnuwansa da tafin hannu,
ya dubi kwarin da ya girma a cikinsa, ya dube ni:
"Tun yaushe kogin nan yake wannan surutu?"

Ban ba shi amsa ba.
Wata mata na jirana da jariri mai zazzaɓi,
ga littafi a buɗe, sabon shafi,
na riga na kai lamba ta ashirin da shida.