Birkin Baya

A Coroico gajimare ba ya zama a sama,
ƙasa yake kwana, a gindin ayaba,
da asuba ya miƙe ya tare hanya
kamar wanda aka ɗauka aiki.

Nan babana Anacleto ya kafa rumfa:
kwano huɗu, benci, rediyo mai tari.
Farcensa bai yi fari ba tun ina goye.
Ya ce, Nélida, turo shi ciki.

Na ce, Baba, na gaba yana ci,
me kuma ake nema?
Marasa lafiya na jira a gangare,
allurai na cikin ƙanƙara, rana tana yi.
Bai tanka ba. Ya ja tsaki.

Ya ɗora babur kan kututture,
ya kwance noti, ya zare ƙarfen tsakiya.
Taya ta fito, ganga ta buɗe:
baƙin gari, jan laka na damina uku,
takalman birki sun suɗe sun lafe
kamar ƙarshen sabulun wanki.

Ya ɗaga guda ya nuna wa haske.
Wannan kika ba amanar wuyanki?

Kayan sun zo daga El Alto
a bayan motar lemu, naɗe da jarida:
faifai mai huji-huji, tiyo, ɗan tulun mai.
Kuɗin gahawa buhu uku ne
da ya ce wa Mama na gyaran ɗaki.

Ramin kusa bai zo daidai ba.
Yini biyu yana cin ƙarfe da magagari,
ya gwada, ya cire, ya hura, ya gwada,
abinci na sanyi a kan benci,
ƙuda ne kaɗai suka yi biki.

Sai ya ce, Hau. Taka. Na taka.
Riƙe. Na riƙe. Ya murɗa sifana,
kumfa ta gangara cikin kwalba.
Saki. Taka. Riƙe. Saki.

Har ƙafata ta fara rawa.
Iska maƙaryaciya ce, in ji shi,
ta cika tiyo, ki ɗauka ƙarfi ne,
ran da kika neme ta, ta lotsa ƙarƙashinki.

Ban tambaye shi dalili ba.
A lanƙwasa ta bakwai akwai gicciye shuɗi
a bakin ramin da ido bai kai ƙarshensa,
da sunan ƙaninsa, Eleuterio.
Duk Nuwamba yakan je da gwangwanin fenti,
ya dawo ya yini bai buɗe baki.

Na gaba gwani ne a kan kwalta, ya ce,
amma kan tsakuwa, in kin cafke shi,
ƙasa za ki sumbata.
Na baya lallaɓa shi ake, ba a danne shi.
Kada giris ya taɓa faifai.
Duba mai duk Asabar,
in ya koma kalar shayi, zubar.
Ki saurare shi, zai gaya miki.

Laraba na sauka, yayyafi na bina,
dutse a dama, babu komai a hagu.
Sai ga hancin babbar mota cikin fari,
ba fitila, ba ƙaho.
Kafin tsoro ya iso ƙirjina
ƙafata ta riga ta yi magana.
Taya ta ja, ta dafe, ta tsaya.
Taƙi ɗaya tsakanina da ramin.
Direba ya leƙo, ya riƙe baki don mamaki.

Na yi wa yara goma sha ɗaya allura,
hannuna bai yi rawa ba sai a na farko.

Da magariba na dawo ban ce komai ba.
Ya tsuguna, ya shafa faifai da bayan yatsa,
ya daɗe yana kallon gefen taya
inda tsakuwa ta bar rubutunta.
Ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara.
Ya ce, Miya na hucewa.
Je ki wanke hannunki.