Yajin Lantana

Kwana uku ina zagayen gidajen abinci
kamar mai neman gidan haya.
Sallau da Lantana sun sauka Manchester,
shekara tara rabon da mu haɗa kwano,
ba zan tare su da taliyar leda ba.

Na Italiyawan nan na bakin gada?
Kwalabe ne jere a bayan kanta,
Lantana ba za ta zauna ba.
Na Turkawa layi har waje,
ga yayyafin garin nan da ba ya gajiya.
Sallau kuwa likita ya raba shi da gishiri,
ya ce shi dai a ba shi abin da zai iya kiran sunansa.

Muka ƙare a titin Wilmslow,
wurin wani dattijo ɗan Lahore
mai carbi a wuyan hannu.
Sallau ya ɗauki takardar farashi,
leɓe na motsi, yana juya fam zuwa naira,
ya ajiye ta a hankali kamar ƙwai.
"Tanimu, wannan ai kuɗin ragon suna ne."
Na ce ci, baƙo ba ya lissafi.

Da gasasshen nama ya iso
Lantana ta waiga hagu, ta waiga dama,
ta zaro ƙullin yaji daga jaka,
dakan Gusau, ya ji citta da ƙuli-ƙuli.
Ta barbaɗa mana har da Sallau,
likita ai yana gida.

Loma ɗaya na kai, na yi shiru.
Sallau ya ce yaji ne ya kama mini ido.
Na bar shi a haka.
Dattijon ya kawo ruwa, bai tafi ba,
ya miƙo tafin hannunsa shi ma.