Ɗinki Goma Sha Bakwai

Da asuba na buɗe masa ƙofar baya,
ban ko dube shi ba, sabo ya sa.
Tasso ya tsallake shingen Gaspard,
ya faɗa kurmin da ke bayan gonar rake,
inda itatuwa ke tsaye a ruwa har gwiwa,
gemun toka na reto a rassansu.
Ni kuwa kofi nake dafawa.

Haushi uku na ji.
Na huɗun ba haushi ba ne.

Ƙafa ɗaya takalmin ruwa, ɗaya silifa,
na bi ƙasar da aladun dawa suka tone da dare
kamar an danƙa wa mahaukaci garma.
Warinsu na nan da ɗuminsa.
Ga sawun uwa, ga na 'ya'ya bakwai ko takwas,
ga jini a ganye, ɗigo, ɗigo,
can gaba ya daina ɗiga, ya koma malala.

A gindin wani kututture na same shi,
haure ya farke shi daga haƙarƙari zuwa cinya
yadda ake farke buhun shinkafa.
Da ya gan ni sai ya kaɗa wutsiya sau biyu,
wai shi ne mai laifi, haƙuri yake ba ni.
Na tuɓe rigar sanyin Alcide,
wadda ban raba da jikina ba tun da muka binne shi,
na danna ta a raunin, ina zagi, ina addu'a,
ban san wanne ya riga fita ba.

Shekarata sittin da takwas.
Kada a tambaye ni yadda na kai shi mota,
gadon bayana ne ya riƙe wannan lissafin.

A Breaux Bridge, Likita Melancon
ta aske, ta wanke, ta ɗinke, ba ta ce uffan ba,
sai da ta cire safar hannu ta ce,
"Da ya matsa faɗin yatsa, da huhu ya samu."
Ɗinki goma sha bakwai.
Injin kwalekwalen Alcide ne ya biya kuɗin,
dama tsatsa kawai yake ci a rumfa.

Na shimfiɗa katifa a kicin kusa da shi.
Ruwan gishiri safe da yamma,
in shinshina ƙyallen, ko ya fara wari,
in taɓa hancinsa cikin duhu,
in ƙirga numfashi kamar mai ƙirga canji.
An sa masa mazurarin roba a wuya,
yana karo da ƙafar tebur, yana harara ta.
Ƙwayar magani kuwa, ko a man gyaɗa na ɓoye,
zai lashe man tas, ya tofo mini ita a tafi.

Ran kwana na shida Gaspard ya ƙwanƙwasa,
hula a hannu, ƙunshi a hammata.
"Uwar ce," in ji shi. "Ta shiga tarkona. Na rama miki."
Na yi godiya. Me zan ce?
Da ya tafi na tsaya ina kallon naman,
ina tuna ƙananan sawun nan a laka.
Ita ma nata ta tare wa.
Ciwon mace na mace ne, ko da haure a bakinta.

Duk da haka na yanka, na soya,
na cusa ƙwayar a tsakiya.
Ya haɗiye bai ko tauna ba.

Yau an warware zaren.
Tabon ja ne, a karkace, gashi bai rufe shi ba.
Ya ɗingisa har bakin shinge,
ya ɗaga hanci wajen kurmi, jikinsa na ɓari,
ba ɓarin tsoro ba, na san shi.
Hali zanen dutse.

Na kira sunansa. Ya juyo da kunne ɗaya.
Ɗayan yana can.