Asuba a Kasuwar Kifi ta Busan

Kaka ta ce kasuwa shiru take da asuba.
Ni kuwa ina jin ƙwan lantarki yana kuka
kamar sauron da ya tare a ƙashin kunnena.
Wuƙa a kan katako. Takalman roba.
Wata mata tana tari can layi na huɗu.
Duk a sahun gaba suke,
babu mai matsa wa wani.

Zaren wuyan rigata
tun gida yake cizona.

"Dong-ryeol, dube ni in ina magana."
Kaka, in na dube ki ba zan ji ki ba,
fuskarki ma tana da nata surutun.

Sai na tsoma hannu a bahon kaguwa.
Sanyi ya hau har gwiwar hannu,
kasuwar ta koma abu ɗaya.

Yanzu sake faɗa.